Kafin Motar Asibiti Ta Tashi

"Dakta, mace na zubar da jini a gabana, kai kuma ka tsaya kana yi mini jarrabawa?!"

Da ƙarfi na faɗa, har masu jinyar da ke zaune a barandar asibitinmu na Argungu suka juyo suna kallona.

Muryar da ke cikin wayar ko gezau ba ta yi ba.

"Sista, ba jarrabawa ba ce. Yaya awon jininta yake yanzu? Ba na ɗazu ba, na yanzu."

Na faɗa masa.

"An sa mata ƙarin ruwa a hannu ɗaya ko duka biyun?"

"Duka biyun!"

"Wa zai rako ta?"

"Ni!"

"Sunanki?"

"Ummu Hani Kalilu. Ko shi ma sai an auna?"

Na rantse na ji kamar yana danne dariya.

"Sunana Zulkifli. Ki ba ni ɗan lokaci in tanadi jini irin nata, in kuma sa a buɗe ɗakin tiyata. Ina kiranki ku taso."

Ya kashe wayarsa!

Na tsaya ina huci. Dakta Sharifa, likitar da muke aiki tare, ta dafa kafaɗata.

"Ki kwantar da hankalinki, Hani. Sabon likitan ɗakin kulawa ta musamman ne a Birnin Kebbi. Haka yake, ba ya karɓar mara lafiya sai ya san komai."

Bai daɗe ba ya kira, muka tashi. Da muka isa, ga mamakina, a bakin ƙofa muka tarar da ma'aikata da gadon turawa. Ba wanda ya ce mu jira, ba wanda ya tambayi daga ina muke. Kai tsaye aka wuce da matar, ta kuma rayu, ita da jaririnta.

Ina wanke hannu wani dogon saurayi mai farin gilashi ya tsaya a gefena.

"Ke ce Sistar da ke tsawa a waya?"

"Kai ne likitan da ke jarrabawa?"

"Kin ci ai," ya ce yana murmushi. "Ba wadda kika faɗi."

Na kau da kai, amma wallahi sai da zuciyata ta buga...

*

Daga ranar, duk mara lafiyar da za mu tura Birnin Kebbi ni ke kiransa. Idan mun kai, shi kuma sai ya kira ya gaya mini yadda mutumin ya kwana. Tun kiran yana ƙarewa a kan marasa lafiya, har ya fara wucewa.

"Sista, tsohon nan ya farfaɗo, har ya sha kunu."

"Alhamdulillahi."

"Ke fa, kin ci abinci?"

"Ni ma mara lafiyarka ce?"

"A'a... ni ne dai naki."

"Dakta!"

"Hanina, ki daina ce mini Dakta idan ba aiki muke ba. Kina sa ni jin kamar zan rubuta miki magani."

Kafin damina ta fita, na riga na san babu wani namiji a raina sai shi.

Matsalar ɗaya ce, Baba.

Mahaifina Malam Kalilu manomin albasa ne a fadamar Rima, mutum mai barkwanci da son mutane, amma idan ya kafe a kan magana sai Allah. Ranar da Inna Laure, mahaifiyata, ta gaya masa wani likita ɗan gidan malamai daga Birnin Kebbi na son zuwa gaisuwa, ko sunansa bai bari ta faɗa ba.

"Ɗan birni? Ko alama! Shi kwashe mini ɗiya shi kai inda za a riƙa ce mata tana warin albasa?"

"Malam, ka bari dai shi zo ka gan shi..."

"Ban son ganinai, ban son jin sunanai. Ga Rabi'u nan, yaro na gida, mun san ubanai, mun san kakanai."

Rabi'u ɗan aminin Baba ne, dillalin albasa. Tun da ya sayi sabuwar mota ba ya wuce ƙofar gidanmu sai ya danna oda. Na sha gaya masa ya nemi wata, shi kuma ya sha cewa, "Ki gama yawonki, Hani, gida za ki dawo."

Baba bai ce dole in aure shi ba. Ya dai ce ɗan birni ba zai taka masa zaure ba.

Da na gaya wa Zulkifli ina kuka, cewa ya yi, "Share hawayenki, farin cikina. Mahaifi ne, tsoron rabuwa da ke yake ji. Za mu bi shi a hankali."

*

Wata safiyar Laraba ina tsakiyar raba magani na ji ihu a bakin ƙofa.

"Ku taimaka! Malam Kalilu na! Ya hwaɗi cikin gona!"

Tiren da ke hannuna ya suɓuce.

Maƙwabtansa na gona ne suka ɗauko shi a mashin mai ƙafa uku. Ya jiƙe sharkaf da gumi, yawu na dalala daga bakinsa, ƙirjinsa na kurari kamar ana tafasa ruwa a ciki. Tun daga nesa warin maganin ƙwari ya buge ni. Feshi yake yi, in ji su, tankin da ke bayansa ya tsage, maganin ya jiƙa masa riga, shi kuma ya ƙi tsayawa sai ya gama kuyyar albasar da ya fara.

"Baba! Baba, ni ce Hani!"

Bai ko juyo ba.

Dakta Sharifa ta sa aka cire masa kayan, aka wanke jikinsa da sabulu, aka sa masa iskar oksijin, ta fara yi masa allurar da ke karya dafin. Sannan ta ja ni gefe.

"Numfashinsa na iya tsayawa, Hani. Yana buƙatar na'urar taimakon numfashi, mu kuma ba mu da ita. Kira Birnin Kebbi."

Nan take na kira, na buɗe muryar wayar don Dakta Sharifa ta ji.

"Zulkifli... Baba ne... maganin feshi... yanzu za mu taso!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hani, ki yi numfashi. Dakta Sharifa na kusa?"

"Ina jin ka," ta amsa.

"Ƙirjinsa ya bushe?"

"Da saura."

"To kada ku taso."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

"Me ka ce?!"

"Kada ku taso yanzu. Idan kuka hau hanya da ƙirji cike da ruwa, ko Ambursa ba zai kai ba, balle nan. Ku ci gaba da allurar. Na'urar da zan sa masa akwai wani a kanta, yau dama za mu cire shi, yanzu zan je in duba. Ina kiranku."

"Mahaifina ne fa!"

"Na sani, Hanina. Shi ya sa."

Na san gaskiya ya faɗa. Da wani ne kwance a gadon, ni da kaina zan faɗi haka. Amma Baba ne, kuma duk kurarin da ƙirjinsa ya yi sai in ji kamar nawa ne ke tsagewa.

Ban lura Rabi'u na tsaye a bakin taga ba, sai da na ji muryarsa a baranda, inda Inna da dangi suka cika.

"Da kunnena nij ji! Likitan nan nata ya ce kada a kai mai Baba! Ramuwa ta yaka yi, don an hana mai ɗiya!"

Salati ya tashi.

"Ga motata nan, sabuwa dal! Ku ɗauko shi, kahin ku ƙihta ido mun isa birni!"

Sai ga su sun turo ƙofa, kawunnaina biyu a gaba, Rabi'u na kaɗa makulli a baya, Inna na kuka.

Na sha gaban gadon na ware hannuwana.

"Ba inda za a kai shi!"

"Hani, ubanki na fa!" Inna ta ce. "Saurayi ya hi miki uba?"

Maganar ta soke ni, hawaye suka zubo mini.

"Inna, a motar Rabi'u ina oksijin? Idan numfashinsa ya tsaya a hanya, wa zai taimake shi?"

"Ai gudu za ni yi," in ji Rabi'u.

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Zulkifli ne. Da ya ji hayaniyar ya tambayi abin da ke faruwa, na gaya masa a gurguje.

"Ba ni Inna."

"Yanzu?"

"Yanzu. Laifinmu ne da muka bar ta a waje ba wanda ya yi mata bayani."

Na buɗe muryar wayar na miƙa mata. Ta karɓa da yatsu biyu kamar garwashi.

"Inna, barka da rana, yaya mai jiki? Sunana Zulkifli. Don Allah ku saurare ni kaɗan."

Kowa ya kasa kunne.

"Ban ƙi Baba ba, wallahi. Maganin nan ya cika masa ƙirji da ruwa. Allurar da ake masa ita ke busar da ruwan, kuma a kwance ake yin ta ana dubawa. Ni nan ina gyara masa gado da injin da zai taya shi numfashi. Idan aka kawo shi ban gama ba, a bakin ƙofa zai tsaya. Gara ya jira a hannun likita da ya jira a cikin mota."

Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Yaro, tsakaninka da Allah, za shi tashi?"

"Rai na hannun Allah, Inna, ba zan yi muku alkawarin abin da ba nawa ba. Amma duk abin da zan yi wa mahaifina, zan yi masa."

Ta daɗe tana kallon Baba. Sannan ta juya ga Rabi'u.

"Mai da makullinka aljihu."

"Inna, ai..."

"Na ce mai da shi! Kowa shi hita, a bar ma'aikata su yi aikinsu."

Da suka fita, Zulkifli ya ce in riƙe wayar, ya shiga lissafa mana abin da za a tanada, Dakta Sharifa na ƙara nata. Tukunyar oksijin biyu, ko ɗaya ta ƙare a hanya. Hanyar ƙarin ruwa a hannuwa biyu, a ɗaure su da kyau. Allurar a zuƙe ta cikin sirinji tun yanzu, kada a tsaya fasa kwalba mota na girgiza. Injin zuƙe majina. Robar maganin feshin ma a aika gona a ɗauko, yana son ganin irinsa.

"Hodi ya duba mai da tayoyi," na ce. Hodi shi ne direban motar asibitinmu.

"Madalla. Wa zai rako shi?"

"Ni mana."

"A'a. Yau ke ɗiya ce, ba nas ba. Ki zo, ki riƙe masa hannu, amma wani ya riƙe aikin."

Na buɗe baki zan yi musu, Dakta Sharifa ta riga ni.

"Ni zan je. Na riga na kira wanda zai tsaya mini."

Wajen azahar kurarin ya lafa, gumin ya tsaya. Dakta Sharifa ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ta ɗago ta gyaɗa mini kai. Ba a jima ba Zulkifli ya kira.

"Gado ya samu, injin na kunne. Ku taso. Ku shigo ta ƙofar baya, ta fi kusa da ɗakinmu. Hodi kada ya yi gudun hauka."

Rabi'u bai tsaya jin komai ba. Yana ganin an fito da gado ya kwashi kawunnaina ya figi mota, wai zai riga mu isa ya shirya mana wuri.

*

Inna na gaba kusa da Hodi tana jan carbi, ni da Dakta Sharifa muna baya. Gonakin shinkafa na wucewa ta taga, ni kuwa idona na kan ƙirjin Baba.

Muna dab da Ambursa kurarin ya dawo. Leɓunansa suka fara canza launi.

"Hodi, tsaya!" Dakta Sharifa ta buga gilashi.

Ya gangara gefen titi. Ta zuƙe majinar, ta ɗauki sirinjin da ke jere a gefenta ta tura allura, ta ce in juya shi kan tukunya ta biyu don ta farkon ta yi ƙasa. Na yi, sannan na kira Zulkifli na sa wayar a kunnenta. A taƙaice ta gaya masa abin da ya faru da abin da ta ba shi.

"Na ji. Zan sa a haɗa bututun numfashi kafin ku iso. Hani na ji na?"

"Ina ji..."

"Kina ƙoƙari, masoyiyata. Saura kaɗan."

Dakta Sharifa ta harare ni da wasa duk da halin da muke ciki.

"A kunnena fa wayar take, Dakta."

Launin leɓunan Baba ya dawo, muka ci gaba.

A ƙofar baya muka same su a tsaye, shi da ma'aikatansa. Suna tura gadon Dakta Sharifa na bin su tana zayyana duk abin da aka yi tun safe, har muka kai ƙofar ɗakin. Nan ya juyo ya dube ni.

"Daga nan nawa ne. Je ki zauna da Inna."

Aka rufe ƙofa.

Sai bayan la'asar ya fito, ya durƙusa a gaban Inna har ƙasa.

"An sa masa injin, Inna. Ya samu natsuwa. Da yardar Allah mun wuce mafi wuya."

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ni kuwa kuka na fashe da shi, na farin ciki.

Can sai ga kawunnaina sun shigo a gajiye, fuska a murtuke. Ashe wani asibitin daban Rabi'u ya kai su, suka yini a bakin ƙofa yana faɗa da masu gadi wai sun ɓoye mara lafiya.

"Yaron ga ko tambaya bai yi ba!" in ji Kawu babba. "A mashin munka ƙaraso, mun baro shi can yana rantse-rantse."

Inna ta rufe baki da mayafi tana danne dariya.

*

Kwanaki kaɗan aka cire wa Baba injin. Maganar farko da ya yi da dasasshiyar murya ita ce, "Wa ka ba albasata ruwa?"

Nan muka tabbatar ya dawo.

Aka mai da shi ɗakin masu samun sauƙi. Kullum Zulkifli sai ya zo duba shi, ya zauna su yi ta hira, daga irin albasa zuwa yadda ake sa safar hannu da takunkumi lokacin feshi. Baba "Likita" kawai yake ce masa. Inna ta hana kowa gaya masa ko wane ne.

"Ku bar shi," ta ce. "Ina son in ga ƙarshen wagga hira."

Ranar da za a sallame mu, ina haɗa kwanuka, Baba ya kamo hannun Zulkifli.

"Likita, in tambaye ka mana. Kana da iyali?"

"Tukuna, Baba."

"Alhamdulillahi! Ka ga wagga? Ɗiyata ta, nas ta, ga hankali, sai dai tsiwa kaɗan. Ta liƙe ma wani ɗan birni, ko ganinai ban son yi. Rabi'un da nis so mata kuma, an ba ni labarin abin da yay yi. In kana so na ba ka, ka raba ni da wancan!"

Kwanon da ke hannuna ya faɗi.

Inna ta juya ta fuskanci bango.

Zulkifli ya cire gilashinsa, ya goge, ya mayar. Sannan ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Baba, na gode, kuma ina so... amma ba zan karɓa a rufe ba. Ni ne ɗan birnin."

Baba ya saki baki. Ya dube shi, ya dube ni, ya dubi bayan Inna da ke ta girgiza.

"Laure! Kin sani?"

"Ka ce ba ka son jin sunanai, Malam. Ni kuwa mai biyayya ta."

Baba ya ɗaure fuska har na fara tsorata. Zulkifli bai ɗago ba.

"Idan kun janye, Baba, ba zan ji haushi ba. Jinyar da na yi muku aikina ne, ba ta da alaƙa da wannan."

"Danginka fa?" Baba ya tambaya a hankali. "Malamai na. Za su riƙe ɗiyar manomi da daraja?"

"Mahaifina na karantarwa da safe, da yamma yana gonar shinkafarsa a Ambursa. Tun tuni yake son zuwa wurinku, izini muke jira."

"Aikinta fa? Mutanen Argungu na buƙatarta."

"Ba zan raba ta da aikinta ba. Yadda za mu tsara zaman, da shawararku za a yi."

Baba ya ja dogon numfashi, numfashi mai kyau, babu ko ɗigon kurari.

"To tashi mana, ka bar durƙuso kamar mai neman gafara. Magana na riga na yi ta gaban shaidu. Ka turo manyanka."

"Baba!" Na faɗa jikinsa ina kuka ina dariya.

"Ke, a hankali! Yanzu anka gyara ƙirjin!"

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura mana aure a ƙofar gidanmu. Dakta Sharifa ce babbar ƙawa, Hodi ya zo da babbar riga har ba a gane shi ba. Rabi'u ma ya halarta, ya tsaya can baya, ya yi addu'a ya tafi ba tare da ya danna oda ba.

Ina ɗaki cikin lulluɓi ƙawaye sun kewaye ni, na jiyo muryar Baba daga zaure tana tashi sama da ta kowa, yana ba baƙin Birnin Kebbi labari.

"Ai yaran zamani ba su iya zaɓe ba! Wanga miji da kuka gani, ni niz zaɓo mata shi da kaina, ina kwance bisa gadon asibiti!"

Inna ta leƙo ta labule, muka haɗa ido.

"Ki bar shi," ta ce. "Ya sha wuya."